Biyu na Namiji, Ɗaya na Mace

Dakusa, 11 ga Maris 1985

Zuwa ga yayana Alkasum ɗan Malam Suma'ila, a unguwar Zango,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da matarka Ramlatu da yara. In kuna lafiya, na gode wa Allah.

Yaya, shekara biyu ke nan tun da aka raba gadon Baba ban rubuta maka ba, kai ma ba ka rubuto ba. Ba zan ɓoye maka ba, da kunya nake riƙe da alƙalamin nan. Ka san damina ba ta yi ba. A gonar mijina Nomau ko zangarniya ɗaya ba mu cire ba, sai kara. Shi kuma ya tafi Kano cin rani tun watan Nuwamba, ya ce zai aiko, har yau ba shi ba labarinsa. Ya bar ni da tsohuwarsa wadda ba ta gani, da 'yata Gana. Rabonka da Gana tun tana goye, yanzu ta shiga shekara huɗu, tana da surutu irin na Inna.

Shanu biyun da aka ba ni a madadin rabona na gidan Baba sun tafi. Ta farko ta faɗi a bakin rijiya, ta biyu muka yi sauri muka sa mata wuƙa, naman ko ɗigon kitse babu. An kawo jar dawa ta taimako sau ɗaya, masu rabon suka ce sai mai gida da katin iyalinsa, katin kuwa yana aljihun Nomau a Kano. Yanzu anza muke ci, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci. Sai ta kwana uku a ruwa kafin ɗacin ya ragu, ruwan ma sai na yi tafiyar rabin yini nake samo shi. Ni da tsohuwa muna rufe ido mu haɗiye, Gana ce ba ta iyawa, tana sawa a baki sai ta tofar.

Roƙona ɗaya ne. Ka aiko mini da buhun hatsi ta hannun Inusa, direban kamyo, babbar motar kayan da ke zuwa mana ranar kasuwa, shi zai kawo maka wannan takarda. In hakan ba zai yiwu ba, ka buɗe mana ɗakin Inna mu zauna har ruwa ya sauka. Ba don ni nake roƙo ba, don yarinyar ne.

Ka huta lafiya. Ni ce ƙanwarka,
Hajjo

*

Zango, Zinder, 17 ga Maris 1985

Zuwa ga Hajjo matar Nomau,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, alhamdu lillahi.

Takardarki ta same ni a biro, wurin aikina. Sai da na karanta ta sau biyu don in tabbata ke ce kika rubuta, saboda na ga har da “yayana” a ciki. Ban san kin iya wannan kalma ba.

Bon, to. Fari dai na Allah ne, ba ni na hana ruwa sauka ba. Gado kuma malamai suka raba a gaban dangi. Aka ce ki zaɓa, ɗaki ko shanu. Mijinki ya yi caraf ya ce shanu, wai me zai yi da ɗaki a birni, ke kuma kika gyaɗa kai. To ga shi ɗakin bai faɗi a bakin rijiya ba. Ɗakin Inna da kike magana a cike yake, a nan na jera buhunan gidana, ba wurin shimfiɗa tabarma. Hatsin kuwa na bakin 'ya'yana ne. Kamfanin da nake wa aikin komi, wato akawu, shi ma yana tangal-tangal, ban san me gobe za ta zo da shi ba. Ki yi haƙuri, ki yawaita addu'a, ki kuma nemi mijinki, shi Allah ya ɗora wa cin ki.

Af, na tuna da wani ɗan abu. Kin san kayan kiɗan Baba, waɗanda yake kai wa gidajen biki. Ranar rabo da malamai suka ƙirga akwati uku suka ce biyu na namiji, ɗaya na mace, manyan amsa-kuwwa biyu suka zo mini, ke aka miƙa miki ɗan ƙaramin nan mai maɓallai. In ba ki jefar da shi ba, ki ba Inusa ya taho mini da shi. Ba ku da kuran, wato wutar lantarki, a Dakusa, ba abin da zai yi miki. Ni ma ba wani amfani zai yi mini ba, don tunawa da Baba ne kawai. In ya iso zan duba ko Ramlatu za ta iya tsakuro miki hatsi tiya ɗaya ko biyu.

Ki gaida tsohuwa.
Alkasum Suma'ila

*

Kasuwar Dole, Zinder, 31 ga Maris 1985

Zuwa ga 'yata Hajjo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ne Mai Nasara mai gyaran rediyo, abokin mahaifinki, Allah ya ji ƙansa. In kin tuna, ni ne nake ba ki ƙonannun fitilun rediyo kina wasan 'yar tsana da su. Inusa ya zo gyaran rediyon motarsa ya ba ni labarin halin da kuke ciki, ya kuma ce yayanki yana neman ɗan akwati. Na ga bai kamata a cuce ki ina gani ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ki saurara da kyau. Kayan nan wani bature mai sayen gyaɗa ya bar wa babanki a farin saba'in da huɗu, lokacin da gyaɗa ta mutu ya tattara ya koma ƙasarsu. Babanki shi ke dafa masa abinci. Ni na fara buɗe amsa-kuwwar nan. A cikin kowacce akwai ƙananan bakuna masu yawa, girmansu ɗaya, yawancinsu baya suke kallo, shi ya sa babanki yake ajiye su kusa da bango. Ba babban baki na fitar da kaurin ganga, ba ƙarami na fitar da siririn sauti. Wanda ya ƙera su ya san da haka, sai ya yi musu ɗan akwatin nan, mu a sana'a egalizar muke ce masa. Shi ke ɗaga kaurin ya ɗaga sirin kafin sauti ya shiga ampili, na'urar da ke ƙara masa ƙarfi. An auna shi ne a kansu kamar yadda ake ɗinka wa mutum hula. In babu shi, tsakiyar sautin kawai take fita. Ko kin manta yadda babanki yake bari a ɗora manyan a kan jaki, amma ƙaramin a hannunsa yake tafiya da shi, naɗe cikin rawani? Malaman da suka raba gado akwati suka ƙirga, ba su san abu ɗaya ne suka yanka ba. Ni ina Maraɗi a lokacin, da na dawo an gama.

Shekara biyu yayanki bai damu ba, ya jefa su a lungu. Sai watan jiya Alhaji Abba mai magaza, babban ɗakin ajiyar hatsi, ya yi bikin suna, ya ce a kawo kayan Suma'ila. Alkasum ya kai, ya kunna. Alhaji ya saurara kaɗan ya ce, “Kai, ɗan Suma'ila, mene ne wannan? Ubanka in ya kunna, a ƙirji ake jin ganga. Wannan kamar mutum ya tura kai cikin tulu yana magana.” Zaure duka aka tuntsire da dariya. Amma Alhaji yana son kayan. Zai aurar da ɗansa mako ɗaya bayan ƙaramar Sallah, ya ce in suka yi ƙara irin ta da a ranar, zai riƙe su, shi kuma ya ɗora Alkasum a kan magazarsa. Kamfanin yayanki kuwa an ce rufewa zai yi.

Washegari ya kwaso mini su a amalanke, wai sun lalace. Na ce lafiyarsu ƙalau, ina ƙaramin? Sai da fuskarsa ta canja.

Don haka, 'yata, abin da ke hannunki ba abin tiya biyu ba ne. Ni ba ni da abin aiko miki, bana ba mai kawo rediyo gyara, sayarwa ake kawowa. Gaskiyar nan ita ce abin da nake da shi.

Allah ya sauƙaƙa mana. Babanki,
Mai Nasara

*

Dakusa, 8 ga Afrilu 1985

Zuwa ga Alkasum,

Bayan gaisuwa. Na karɓi takardarka, na gode da shawarar addu'a, ina yi.

Ashe don tunawa da Baba kake neman ɗan akwati? Allah sarki. Ni na ɗauka don Alhaji Abba ne, da tulun da ka tura kai ciki a zaurensa. Labarin ya iso har Dakusa, na yi dariyar da rabona da ita tun kafin Nomau ya tafi.

Akwatin yana nan. Yana cikin babbar kwallata, naɗe da rawanin Baba, ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Ban manta yadda ya zo hannuna ba. Da yatsu biyu ka ɗauke shi ka miƙo mini a gaban kawunnanmu, ka ce, “Ungo, ki riƙa zuba allura da zare.” Har malamai suka yi murmushi. Baba bai yi kwana arba'in a ƙasa ba a lokacin. Na karɓa, na fita bayan ɗakin Inna na yi kukana. Tun ranar nake jin haushinka, kuma yau ba zan yi ƙarya in ce ya wuce ba.

Na roƙe ka buhu ɗaya ka ce in nemi mijina. To yanzu ba roƙo nake yi ba. Buhu biyu na hatsi, ba dawa ba, ba tsohon da ƙwari suka ci ba. Kuma ba Inusa zai kawo ba, kai za ka rako su da ƙafarka, da rana tsaka, ranar kasuwa. Ka shigo gidan nan da ka ce ba ka taka gidan zana, ka durƙusa ka gaida tsohuwa, ka ɗauki Gana ka ga nauyinta. Sannan in buɗe kwalla in miƙo maka, da hannu biyu, ba da yatsu ba.

Jiya mun tona gidan tururuwa ni da matan maƙwabta, muka sami ƙwayar da ta cika ludayi biyu. Na dama wa Gana, ta shanye tana tambaya ko akwai saura. Ina gaya maka ne don ka san ba wasa nake yi ba.

Sai na gan ka.
Hajjo

*

Zango, Zinder, 21 ga Afrilu 1985

Hajjo,

Na amsa gaisuwarki, in gaisuwa ce.

Na san tsohon nan Mai Nasara ne ya hura miki kunne. Ya zauna a rumfa ba aiki, sai haɗa 'yan uwa faɗa. Na aika an kwaso kayana daga wurinsa.

Wato ni Alkasum, komi mai sa hannu a takarda, in hau bayan kamyo da awaki in zo Dakusa in durƙusa, saboda wani ɗan ƙarfe da ya girmi 'yarki sau uku? Na karanta wa Ramlatu takardarki muna cin tuwo da miyar kuka da man shanu, ta yi dariya har ta ƙware, sai da aka miƙa mata ruwa.

Bari in wayar miki da kai. Duniya ta ci gaba. Wancan tsohon yayi ne, maɓalli biyu gare shi. Na ba wani ɗan kasuwa saƙo zai taho mini da sabon egalizar daga Kano, mai maɓalli goma, kowanne da fitilarsa. Da ya iso an gama magana. Wala, shi ke nan. Ke kuma ki ci gaba da gadin kwallarki. In yunwa ta matsa, ki ciro rabonki na gado ki daka shi a turmi ki dama wa Gana kunu, tunda kin ce ya kai buhu biyu.

Duk da haka ni ba marar tausayi ba ne. Inusa zai ba ki ƙullin dusa. Ta tunkiyar Ramlatu ce, ta rage. Da na ce ki ba shanunki, sai na tuna.

Alkasum Suma'ila

*

Dakusa, 13 ga Mayu 1985

Zuwa ga Baba Mai Nasara,

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da girmamawa, ya jiki, ya kasuwa, ya zafin nan? Allah ya saka maka da alheri da takardar da ka aiko mini.

Baba, na ci dusar. Da Inusa ya miƙo mini ita na zagi Alkasum har uwar da ta haife mu sai da na kusa haɗawa, sannan na shiga ɗaki na tankaɗe ta na dama. Ta riƙe mu kwana shida. Amma cikin Gana bai karɓe ta ba, tun lokacin take zawo. Ƙafafunta sun kumbura, in na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Gashinta ya yi ja yana zubewa a tsefe. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ta daina surutu. Da tana damuna da tambaya tun safe, yanzu sai ta zauna a gindin zana tana kallon ƙasa.

Na goya ta na kai ta wurin anfirme, malamin asibiti. Ya ba ni ɗan gishirin zawo, ya ce, “Madam, wannan ba ciwon magani ba ne, hatsi take so da madara.” Na yi tunanin in taho Zinder da ƙafa, amma tsohuwa ba za ta iya tafiyar ba, in na bar ta kuma ba mai ba ta ruwa. Maƙwabtanmu gida huɗu sun riga sun tashi.

Tambayata ɗaya ce, ka gaya mini gaskiya don Allah. Sabon egalizar da Alkasum ya aika a kawo masa daga Kano, ya yi aiki? In ya yi, to ba ni da komai a hannu sai ƙarfe. In bai yi ba, ina so in sani.

'Yarka,
Hajjo

*

Kasuwar Dole, Zinder, 19 ga Mayu 1985

'Yata Hajjo,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki.

Kin ce in gaya miki gaskiya. Bai yi ba. Na Kanon ya iso, mai kyau, fitilu kamar motar amarya. Yayanki ya haɗiye girman kai ya aiko in zo in haɗa masa. Muka yini muna murɗa maɓallai. In muka ɗaga kauri sai bakunan su riƙa ɓarɓarwa, in muka rage sai tulun ya dawo. Ɗagawar da waɗannan amsa-kuwwa suke buƙata ta wuce inda maɓallinsa yake tsayawa, kuma ba a daidai wurin yake ɗagawa ba. Ya ce in ƙera masa irin na da. Na ce ba ni da takardar awonsa, wanda ya san awon yana bayan teku, in ma yana da rai.

Sai na ce masa, “Alkasum, 'yar ƙanwarka ƙafafunta sun kumbura. Ka san abin da wannan yake nufi a shekarar nan.” Ya ce, “Baba, uwarta ce ta riƙe ta garkuwa. Ta turo akwati yau, gobe ta ci tuwo.” Na ce, “Ka fara turawa mana, kai ne babba.” Ya ce, “Don ni ne babba shi ya sa ba zan fara ba.” Na tashi na bar gidan ko ruwansa ban sha ba.

Yanzu ga roƙona. Ki manta da abin da na rubuta miki a farko. Ni mai gyaran rediyo ne, na gaya miki darajar ƙarfe, ban yi tunanin yadda ku biyun kuke ba. Ki ba Inusa akwatin gobe. Ko tiya biyu ya bayar, ki karɓa, ko da yatsu biyu ya miƙo. Na sayar da wata tsohuwar rediyo na sayo garin rogo, Inusa zai ba ki, kaɗan ne. Ki jiƙa shi sosai kafin ki ba yarinyar.

Azumi ya ƙarato, Allah ya sa mu gan shi da rai.
Mai Nasara

*

Dakusa, 27 ga Mayu 1985

Yaya Alkasum,

Barka da shan ruwa. Mu a nan azumi bai canja mana komai ba.

Na san na Kano bai yi ba. Ba zan yi maka dariya ba, ba ni da ƙarfinta. Na janye maganar buhu biyu, na janye maganar zuwanka da durƙuso. Buhu ɗaya, wanda na roƙa tun farko. Ka ɗora wa Inusa, a ranar da ya sauke shi a ƙofata zai koma maka da akwatin. Na rantse da Allah a kan haka.

Amma buhun ne zai fara zuwa. Na san ka tun muna yara, in abu ya shiga hannunka ka manta da wanda ya ba ka. Gana ba ta iya tsayawa da kanta yanzu. Ka yi sauri.

Ƙanwarka,
Hajjo

*

Zango, Zinder, 2 ga Yuni 1985

Hajjo,

Barkanmu da ibada.

Yanzu kika fara magana irin ta masu hankali. Daga biyu kin sauko ɗaya, in na ƙara haƙuri ina jin za ki sauko rabi.

Na yarda da buhu ɗaya. Amma akwatin ne zai fara zuwa. Shekara biyu yana cikin kwalla a zafin Dakusa, wa ya san ko yana da rai? In haɗa shi, in ji da kunnena, in ya yi, kamyon mako mai zuwa ya taho miki da hatsi. Ba na sayen abin da ban gwada ba, ko daga wurin 'yar uwa. Maganar Gana kuma ki rage yawan ambatonta a kowace takarda, yaran ƙauye da ƙwari suke, mu ma mun ga saba'in da huɗu ba mu mutu ba.

Alkasum Suma'ila

*

Zango, Zinder, 16 ga Yuni 1985

Zuwa ga ƙanwata Hajjo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da tsohuwa, da Gana.

Mako biyu ke nan Inusa yana dawowa hannu wofi, ko takarda babu. To, kin ci. Taurin kan nan na Inna ne kika ɗauko, na sallama. Kamfaninmu ya rufe ranar Alhamis, an ba mu takardun sallama. Jiya Alhaji Abba ya tare ni bayan la'asar ya ce, “Ɗan Suma'ila, bikin saura kwana kaɗan, in ji ganga a ƙirji ko in nemi wani?” Na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Ga buhu nan a motar Inusa, hatsi ne mai kyau, daga ɗakin Inna na ciro shi da kaina, kina iya kwancewa ki duba har ƙasa. Na fara turawa kamar yadda kika ce, saura ki cika rantsuwarki. Ki naɗe akwatin da kyau, ki ce wa Inusa a gaba zai ajiye shi, ba a baya da kaya ba.

Abin da ya wuce ya wuce, ai mu biyu ne kawai Baba ya bari. Ramlatu ta sa 'yar rigar Sallah a bakin buhun, ta 'yata Rabi ce da ta yi mata kaɗan, a sa wa Gana. In na kama aikin magaza, wataƙila mu duba maganar ɗakin.

Yayanki,
Alkasum

*

Dakusa, 17 ga Yuni 1985

Alkasum,

Wa alaikumus salam.

Gana ta rasu ranar Asabar da hantsi. Buhunka ya iso yau, ya tarar da sadakar uku. Na karɓa saboda tsohuwa. Rigar tana dawo maka, ba mai sawa.

Ba kai kaɗai ba ne. Ranar kasuwar da ta wuce na naɗe akwatin, na goya Gana, na je har gindin motar Inusa. Sai na ce a raina saura mako ɗaya Alkasum ya karye, in na miƙa yanzu ya ci ni a banza. Na juyo gida da shi. Na faɗi daidai kuwa, mako ɗaya ka yi ka karye. Ni da kai muka kashe ta, kuma ba zan yafe wa ko ɗayanmu ba.

Na rantse akwatin zai koma a ranar da buhu ya sauka, ga shi nan, a gaban mota kamar yadda ka ce. Na kwance bayansa da wuƙa na ciro abin da ke ciki. Ka taɓa ba ni shawara in daka shi, na bi shawararka. Bai yi wuya ba, taɓarya ashirin ta ishe shi. Na kwashe garin na mayar ciki na ɗaure, ko ƙwaya ban rage ba. Sannan na wanke turmin na daka gumbar sadaka da hatsinka, mutane sun ce mai kyau ne.

Rawanin Baba ban haɗo ba, da shi muka rufe ta.

Ka gaida Alhaji Abba.
Hajjo